Yadda ake tabbatar da sabon jinsin bakteriya daga dutsen ma'adini, tun daga bakin rami har a raɗa masa suna

Da wuya shekara ta fita ɗalibi bai shigo ofishina a nan Gusau ba, baki har kunne, riƙe da takarda guda, ya ce, "Malam, na samu sabuwar bakteriya." In karɓi takardar, in ga jerin haruffan DNA da ba su kai 500 ba, da sakamakon kwamfuta mai cewa kamanninta da sananniyar ƙwaya mafi kusa kashi 96 cikin 100 ne. In tambaye shi ita ƙwayar tana ina, ya ce ai tana kan farantin shuka ƙwaya a firji tun watan jiya. Mu je mu buɗe, faranti ya bushe ya daddare kamar ƙasar fadama da rani. Shi ke nan, babu ƙwaya, babu sabon jinsi, sai takarda.

Samun ƙwaya a dutse ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ka riƙe ta da rai shekara biyu ko uku, kana tara hujja a kanta, har waɗanda ba su san ka ba su karɓe ta su gwada su yarda. Abin da zan zayyana ke nan, bi da bi.

Mu fara daidaita kalmomi. Mun saba cewa "ƙwayar cuta", alhali yawancin bakteriya ba ruwansu da cuta, balle waɗanda ke zaune a cikin dutse. Zan riƙa cewa ƙwaya kawai. Sunan kowace kashi biyu ne da Latin: na farko shi zan kira dangi, na biyu jinsi. Ita kuwa ƙwaya ɗaya tak da ka ware ka raina a ɗakin gwajinka, da duk 'ya'yanta, ita ce iri.

Me ya sa dutse

Dutsen zinaren ƙasar Anka da Bukkuyum da Maru ba zinare kaɗai ke cikinsa ba. A wasu ramukan yana tafe da dalma mai yawa, irin dutsen nan mai toka-toka da ƙyalli, ɗan'uwan wanda ake daka tozali da shi. Ga kuma zaiba da masu wanki ke zubawa don kama zinaren. Duk ƙwayar da ta rayu a irin wannan wuri tana da wata dabara a jikinta, kuma irin wuraren nan sun sha ba duniya sababbin jinsuna. A 1947 Colmer da Hinkle suka ware wata ƙwaya daga ruwan tsami na mahaƙar kwal a Amurka, wadda a yau ake kira Acidithiobacillus ferrooxidans, ana kuma amfani da ita wajen narko tagulla daga dutse. A 1976 aka samo Cupriavidus metallidurans a laka ta wata masana'antar tutiya a Beljiyam, daga baya a 2006 aka gano alamarta manne a jikin ƙwayoyin zinare a Ostireliya. Masu bincike a Sin sun fitar da Deinococcus metalli daga tsohuwar mahaƙar dalma da tutiya. Namu ramukan kuwa, daga Bagega har Yauri, kusan ba a taɓa su da wannan ido ba.

Kafin ka taka ƙafa

Wanda ya girma a Zamfara bai buƙatar a tuna masa 2010, shekarar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara na mutuwa a Dareta da Yargalma da Abare da maƙwabtansu, sama da 400, saboda ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida. Wannan dutsen za ka ɗebo. Don haka safar hannu da takunkumin hanci dole ne, ba ka ci ba ka sha a bakin rami, kayan da ka sa su shiga leda kafin ka shiga mota, kuma samfurin ba ya kwana a gidanka ko da dare ɗaya. Firjin da uwargida ke ajiye zoɓo ba wurin ajiyarsa ba ne.

Sai izini. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, amma sha'anin tsaro kowa ya san yadda yake. Ka karɓi takarda daga makarantarku, ka bi ta wurin hakimi da mai gari, ka gaishe su yadda ya kamata, sannan su haɗa ka da shugaban masu haƙa. In sun ce yau ba a shiga daji, ba a shiga. Ka nemi su rubuta maka amincewa da ranar da ka ɗebi samfur, domin can gaba Turawan da za su ajiye maka ƙwayar za su tambayi wannan takarda, kuma komawa neman ta bayan shekara biyu wahala ce.

Ranar da na fara zuwa, wani dattijo mai haƙa ya tsaya yana kallona ina cusa ƙasa a ƙaramar kwalba, ya ce, "Malam, mi kaka biɗa cikin ƙasag ga? In zinari na, ba nan ya ke ba." Na ce, "Baba, wata halitta nake nema da ido ba ya gani." Ya yi dariya, ya kai ni wani tsohon rami da ruwa ya kwanta a ciki ya yi ja kamar tsatsa, ya ce ko akuya ba ta shan shi. Ruwa ba ya tsami banza. Samfurin da ya fi kowanne amfani a tafiyar daga nan ya fito.

Ɗibar samfur

Tun a ɗakin gwaji za ka dafa kwalabe masu murfi na mililita 50, da cokula, da kurfi, da guduma ƙarama, a tukunyar kashe ƙwayoyi, zafi digiri 121 na minti 15. In babu wannan tukunya, wato otokilef, tukunyar matsi ta girki tana yi, muddin ta kai wannan zafin. Kowane cokali a naɗe shi daban, a yi amfani da shi sau ɗaya.

Ka ɗebo abu uku daban-daban: dutsen da aka fasa yanzu daga bangon rami, da dusar da ta rage bayan niƙa da wanki, da ruwa ko lakar da ta kwanta. Kada ka karɓi dutsen da ya bi ta hannun mutum biyar a buhu, don abin da zai tsiro maka ƙwayoyin fatar mutane ne. A wurin za ka auna tsamin ruwa da takardar pH, ka auna zafi, ka ɗauki lambar GPS da wayarka, ka rubuta komai a littafi da kuma jikin kwalba da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Kowane samfur ka raba shi biyu, rabi na shuka, rabi na awon ƙarafa, domin ba za ka ce ƙwayarka na jure dalma ba alhali ba ka san yawan dalmar da ke gidanta ba. A kula mai ƙanƙara za su yi tafiya, su isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya, in ya yi nisa biyu.

Shuka

Dunƙulen dutse ka goge bayansa da barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70, ka ɗan gifta shi ta harshen wuta, ka fasa da kurfin da ka dafa, ka ɗauki na ciki. Daka shi a jiƙe za ka yi, cikin ɗan turmin tangaran da ruwan gishiri mai kashi 0.85, don kada ƙura ta tashi. Giram 1 a mililita 9, a girgiza rabin awa, sannan a riƙa sirkawa: mililita 1 daga wannan kwalba zuwa 9 na gaba, har sau huɗu ko biyar. Daga kowace kwalba ka shafa mililita 0.1 a kan faranti. Ka lura, dutse ba kamar ƙasar gona ba ne, ƙwayoyinsa kaɗan ne, sau da yawa a kwalba ta farko da ta biyu abin yake.

A nan yawancinmu ke yin kuskure, wajen abinci. Muna da sabo da agar, wato daskararren abincin da ake zubawa a faranti, mai gina jiki irin na asibiti, shi muke zubawa komai. Ƙwayar da ta saba da yunwar dutse in ka ajiye mata wannan, kamar ka ba mai azumi tuwo malmala biyar ne da shan ruwa. Kafin ta motsa, Bacillus, wani dangin ƙwaya mai saurin yaɗuwa, ta malale farantin cikin dare ɗaya. Ka yi amfani da R2A, abinci marar nauyi da aka fitar a 1985 don ƙwayoyin ruwan sha, ka kuma yi wani da ka sirka shi kashi ɗaya cikin goma. Ka ɗiga maganin hana fumfuna, nistatin ko makamancinsa. Zafi 28 zuwa 30, ka naɗe bakin faranti don kada iskar hunturu ta busar da shi, ka yi haƙuri sati biyu zuwa huɗu. A watan Maris da Afrilu kada ka dogara da zafin ɗaki, kowa ya san abin da Gusau ke yi a lokacin.

Shi kuwa jan ruwan nan nasa daban ne. Ana shuka shi a ruwan abinci da ake kira 9K, mai giram 9 na narkakken ƙarfe a kowace lita, an tsamama shi zuwa pH 2. Ka sa a kwalba mai faɗin gindi, a riƙa girgizawa. In masu cin ƙarfe na ciki, ruwan zai tashi daga kore-kore ya koma ja cikin sati ɗaya zuwa uku. Ka ajiye kwalba guda da ba ka sa mata samfur ba a gefe, ita ce mai shaida. Haka faranti ma: a kowane zubi ka bar ɗaya da ruwan gishiri zalla. In wani abu ya tsiro a kansa, aikin ranar duka ka zubar.

Wani tarko game da dalma. Ɗalibai na son zuba gishirin dalma a abinci su ce ƙwayarsu ta jure kaza. Dalma na haɗuwa da fosfet ɗin da ke cikin abincin ta kwanta ƙasa, za ka ga farantin ya yi fari kamar an ɗiga nono. Wadda ta kwanta ba ta taɓa ƙwayar, don haka lissafinka ya zarce gaskiya. Gwajin juriya a abinci mai ƙarancin fosfet ake yin sa, kuma ka rubuta abincin da ka yi amfani da shi.

Warewa da ajiya

Kowace safiya ka ɗaga faranti ka duba ta bayansa, ka sa ɗigo a kan duk sabon tsiro da ranar fitowarsa. Manyan farare da suka fito rana ta farko ba su cika zama labari ba. Idonka ya tafi kan ƙananan da suka makara, kwana bakwai, kwana goma, wasu rawaya kamar kurkur, wasu ruwan goro, wasu ja-ja, ƙanana kamar kan allura. Ka ɗauki tsiro guda ka ja shi layi-layi a sabon faranti, in ya fito ka sake ɗaukar guda, aƙalla sau uku, kana dubawa a madubin ƙara girma, har ka tabbata siffa ɗaya ce. Ka ba kowane iri lamba gajera, misali harafin ƙauye da lambar rami, kuma kada ka taɓa canza ta, don ita za ta bi shi har cikin mujalla.

A ranar da iri ya tsarkaka, a ranar za ka ajiye shi. Ba gobe ba. Ka kankaro tsiron ɗanye ka dama a ruwan abinci mai gilisarol kashi 20, ka raba a ƙananan kwalabe biyar ko shida, su shiga firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina wutar? Ni ma ta ci ni. Wata shekara na ware iri 40 da ɗoriya, na kai su ajiya a firizar wani ɗakin gwaji, aka shiga dogon hutu, janareta ya tsaya ba mai, ba wanda ya kira ni. Da na dawo na buɗe, wari ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Cikinsu akwai wata 'yar rawaya da jerin haruffanta ya nuna alamar sabuwa ce. Jerin yana nan a kwamfutata har yau, ba abin da zan iya yi da shi. Tun daga nan ba na ajiye iri a wuri ɗaya. Kwafi biyu a firiza biyu a gari biyu, ko da sai ka roƙi abokin aiki a Sakkwato ko Zariya, kuma ka fi son firizar da ke kan sola. Sannan ka shuka a kwalba mai karkataccen agar, ka rufe tsiron da man farafin da aka dafa, ka sa a firji, ka sabunta bayan 'yan watanni. In ka samu inda ake busar da ƙwaya da sanyi a rufe ta a gilashi, wannan ya fi duka, don ba ruwansa da NEPA.

Gwaje-gwajen farko

Waɗannan ba sa cin lokaci. Rinin Gram, wanda ake yi tun 1884, zai raba maka su gida biyu, masu riƙe shuɗi da masu komawa ja. Ka tabbatar da shi da ɗigon sinadarin KOH mai kashi 3: ka dama tsiro a ciki ka ɗaga, in ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, na jan gida ne. Ɗigon haidurojin feroksaid, in ya yi kumfa ƙwayar na da sinadarin da ake kira katales. Sai gwajin sinadarin oksides, da duba siffa da motsi. Amfaninsu su taimake ka ka tace masu maimaita juna, kada ka biya kuɗin karanta ƙwaya ɗaya sau goma. Ba sa raɗa suna. Teburan gwajin sukari da ke cikin littattafanmu don ƙwayoyin asibiti aka tsara su, in ka tilasta wa ƙwayar dutse sai ta shiga ɗaya daga layukan, za ta shiga, amma ƙarya za ta yi maka.

Jerin 16S

A cikin kowace bakteriya akwai wani yanki na DNA da ake kira 16S rRNA, tsawonsa haruffa kusan 1,500. Yana canzawa a hankali ƙwarai daga kaka zuwa jika, shi ya sa tun aikin Carl Woese na 1977 ya zama abin da ake bin salsala da shi. Za ka fitar da DNA daga tsiro mai kwana biyu ko uku, ka ninka yankin da PCR, wato dabarar kwafe DNA, ta amfani da mafarai, gajerun zaren DNA da ke nuna inda kwafin zai fara, guda biyu da aka fi sani, 27F da 1492R, ka gudanar a jel ka ga layi guda a daidai 1,500. Sai ka aika wa masu na'urar karantawa, akwai su a Ibadan da wajen ƙasa.

Ka biya a karanta maka daga kai biyu, gaba da baya. Karatu ɗaya ba ya wuce haruffa 700 zuwa 900 masu kyau, kuma ƙarshensa shara ne. Ka ce su turo maka da zanen da na'urar ke fitarwa, inda kowane harafi ke zama tsauni, ba haruffa kaɗai ba. Ka buɗe zanen da idonka: in kowane tsauni ya tsaya shi kaɗai, madalla. In ka ga tsaunuka na hawa kan juna tun daga farko har ƙarshe, ƙwaya biyu ce a farantinka, ka koma warewa. Ka yanke munanan bakuna, ka haɗa karatun biyu, ka samu jeri mai haruffa 1,400 ko kusa da haka. Kashi 96 ɗin da ɗalibina ke murna da shi, sau tara cikin goma daga ƙazamin karatu yake zuwa. In an share shi sai ya haura 99.

Sai kwatantawa. Ka sa jerin a shafin intanet na EzBioCloud, ko a manhajar BLAST ta cibiyar NCBI ta Amurka amma ka taƙaita binciken ga irin shaida kaɗai, wato irin da aka kafa sunan kowane jinsi a kansa. In ba ka taƙaita ba, za ka kwatanta da jerin da wani ya ɗora da sunan da ya ga dama. Ga yadda ake karanta sakamakon. A da ana yanke hukunci a kashi 97, yanzu an tsaya a 98.7. In kamanninka da mafi kusa ya gaza haka, kana da dalilin sa rai. In ya faɗo ƙasa da 94.5, wataƙila ma dangin ne sabo. In ya haura 98.7 kuwa, ba a ce sabuwa ba ce, ba a kuma ce tsohuwa ba ce, don kama da wane ba ta wane. Bacillus anthracis mai kisa da Bacillus thuringiensis da ake fesa wa tsutsar gona, jerin 16S ɗinsu kusan ɗaya ne.

Ka tattaro jerin dangi ashirin ko talatin mafi kusa, ka jera su a manhajar MEGA, ka zana bishiyar zumunci ta hanya biyu ko uku, da maimaici 1,000 don a ga ƙarfin kowane reshe. In irinka ya tsaya a reshe ɗaya a duk hanyoyin, ka san gidansu. Har yanzu dai kada ka kira 'yan jarida. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Jinom

Nan ake yanke shari'ar. Tun 2018 mujallar da ke da alhakin sunaye, wato IJSEM, ba ta karɓar sabon jinsi sai da cikakken jerin DNA na ƙwayar, wato jinom. Kuɗin ya fi na 16S nesa ba kusa ba, don haka iri ɗaya ko biyu da suka fi alama za ka zaɓa. Ana karantawa da na'urar Illumina, in da hali a ƙara da ta Nanopore don a cike giɓi, a harhaɗa da manhaja irin SPAdes. Kafin komai ka yi bincike biyu. Ka gudanar da manhajar CheckM ka ga jinom ɗin ya cika kuma ba gauraye. Sannan ka zaro 16S daga cikinsa ka gwada da wanda ka karanta tun farko. In ba su dace ba, an musanya kwalba a hanya, kuma yana faruwa fiye da yadda ake faɗa.

Awo biyu ake dubawa. Na farko ANI, matsakaicin kamannin haruffa tsakanin jinom biyu, iyakarsa kashi 95 zuwa 96. Na biyu dDDH, wanda ya gaji tsohon gwajin haɗa zaren DNA da aka kafa wa iyaka a 1987, iyakarsa kashi 70. Shafin TYGS na cibiyar DSMZ ta Jamus zai lissafa maka na biyun kyauta, ya kuma nemo maka dangi mafi kusa da kansa. In duka biyun sun gaza iyaka a kan kowane irin shaida da ke kusa, to ka samu sabon jinsi. In ɗaya ya faɗo daidai kan iyaka, ANI 95.5 misali, ka yi taka-tsantsan, ka zana bishiya da jinom gaba ɗaya, ka nemi shawarar wanda ya san dangin. In sun haura, ka samu sabon iri na tsohon jinsi, kuma in yana jure dalma da gaske, shi ma abin rubutu ne, sai dai ba suna.

Tunda jinom na hannunka, ka leƙa abin da ya kai ka ramin tun farko: ƙwayoyin gado na pbr don dalma, mer don zaiba, ars don arsenik, czc don tutiya da ƙawayenta. Ganinsu a jinom alama ce kawai, sai gwajin faranti ya gaskata.

Gwaji kafaɗa da kafaɗa

Jinom ya ce daban take, saura ka nuna yadda ta bambanta a zahiri. Za ka sayo irin shaida na jinsuna biyu ko uku mafi kusa daga ma'ajiyar ƙwayoyi, ka shuka su tare da naka, abinci ɗaya, rana ɗaya. Kwafo halayensu daga tsohuwar takarda ba ya gamsar da masu tantancewa. Ka gwada zafin da suke tsirowa daga 4 har 45 ko sama, da pH, da yawan gishiri, da ko suna rayuwa ba iska, da abin da suke ci ta amfani da jerin ramukan gwaji na API ko Biolog, kowane rami da nasa abinci. Hoton siffa da na'urar ilektiron, da awon kitsen jikin ƙwaya da sinadarin numfashinta da ake kira kwinon, waɗannan aikawa ake yi, kuma wasu ma'ajiyoyin na yi da kuɗi. Mafi sauƙi a gare mu shi ne haɗin gwiwa da ɗakin gwajin da ke da na'urorin, amma a rubuta tun farko wa ke da me, da sunan wa zai zo a gaba.

Kai ajiya ƙasa biyu

Dokar sunayen bakteriya ta ce, tun daga 2001, sai an ajiye irin shaida da rai a ma'ajiya aƙalla biyu a ƙasashe biyu daban, inda kowane mai bincike zai iya nema a ba shi. Akwai DSMZ a Jamus, JCM a Japan, KCTC a Koriya ta Kudu, LMG a Beljiyam, CCUG a Suwidin, NCIMB a Birtaniya. Ka rubuta musu tun ranar da 16S ya nuna alama, don abin na cin watanni: za su shuka, su karanta jerin da kansu, wani lokaci su maido maka ka tabbatar ita ce, sannan su ba ka lamba da takardar shaida. A nan takardar mai gari za ta yi rana. Saboda yarjejeniyar Nagoya kan amfani da halittun wata ƙasa, da ta fara aiki a 2014, suna tambayar inda aka ɗebo samfur, da ranar, da izinin ƙasar da ya fito, don haka ka tuntuɓi Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da wuri kan fitar da shi. Jerin 16S da jinom kuma su hau GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, ka karɓi lambobinsu.

Ranar suna

Sunan dangi ka riga ka same shi daga bishiya, na jinsi ne naka. Da Latin ake ƙera shi, kuma dole ya bi jinsin kalmar dangin. In da sunan wuri ne, ana liƙa -ensis ko -ense: a dangi irin Sphingomonas sai a ce zamfarensis, a irin Novosphingobium kuwa zamfarense. Ana iya sa shi daga hali, kamar metallidurans, mai jure ƙarfe, ko plumbiresistens, mai tsaya wa dalma, wanda wata Streptomyces daga Sin ta riga ta ɗauka. Ana karrama wani masani da shi, amma mutum ba ya sa nasa. Ni dai na fi son sunan wuri ko na hali, kuma in ƙauye za ka ambata, ka koma ka shaida wa mai garin, ka tafi masa da sakamakon awon dalmar da ka yi, don ya fi buƙatarsa a kan sunan. Ka duba LPSN, shafin da ke jera sunayen bakteriya, ka tabbata ba a riga ka ba, ka nemi wanda ya san Latin ya duba maka nahawun.

A ƙarshen takardar akwai sakin layi na musamman da ke ɗauke da sunan da "sp. nov.", wato sabon jinsi, a gabansa, da asalin kalmar, da halayen jinsin a taƙaice, da lambar irin shaida mai ƙaramin T a sama, da lambobin ma'ajiyoyi biyu, da inda aka samo shi, da lambobin GenBank. In takardar ta fito a mujallar IJSEM, sunan ya tabbata daga ranar. In a wata mujalla ka buga, da sauran aiki: sai ka aika takardar da shaidun ajiya biyu ga editocin IJSEM, su duba, su sa sunan a jerin tabbatarwa da suke fitarwa lokaci-lokaci. Kafin ya fito a wannan jerin, duk inda ka rubuta sunan sai ka sa shi tsakanin alamun zance.